Salvador ta Bahiya: wane zagaye ne zai kai ka ga sawun Hausawa?

A wasu gidajen abinci na birnin Salvador, babban birnin jihar Bahiya, can bakin teku a arewa maso gabashin Burazil, akwai wani abinci da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa. Shinkafa ce da aka dafa ta yi luguf kamar za a tuƙa tuwo, aka ɗora mata busasshen naman sa soyayye da albasa da manja. Yaron da zai ajiye maka farantin bai san inda Kano take ba, bai taɓa jin sunan Gobir ba. Sunan ne kawai ya rage a bakin mutane, shekaru ɗari biyu bayan waɗanda suka zo da shi.

Wani abokina malamin jami'a da zai je taro São Paulo ya ce yana da kwana biyu rarar lokaci, yana so ya leƙa Salvador, amma ya duba intanet ya ga zagayen tarihin baƙar fata iri iri, kowa na cewa nasa ne na gaskiya. Wanne zai biya? Amsar da na ba shi ita ce nake faɗaɗawa a nan, domin tambayar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Duk Bahaushen da Allah ya kai shi garin nan zai tsaya a mararrabar, kuma idan ya bi hanyar da kowa ke bi, zai iya shekara a Salvador bai ji an ambaci Hausa ko sau ɗaya ba.

Kafin zaɓi, sai an san garin. Turawan Fotugal suka kafa shi a 1549, shi ne kuma babban birnin mulkinsu a Burazil har 1763, lokacin da aka mayar da fadar zuwa Rio de Janeiro. Rake ne ya gina shi, bayi suka noma raken. Burazil ta karɓi 'yan Afirka kusan miliyan biyar, fiye da kowace ƙasa a nahiyar Amurka, sama da miliyan ɗaya daga ciki a Bahiya aka sauke su, kuma ba a soke bauta ba sai 13 ga Mayu 1888. Abin da ya haɗa Bahiya da ɓangarenmu na Afirka shi ne taba. Ana noma ta a ƙasar da ke kewaye da gaɓar tekun Salvador, a naɗe ta, a shafe ta da ruwan rake, kuma sarakunan bakin teku a Wida da Porto-Novo da Badagiri da Legas sun fi son ta a kan kowace taba. Saboda haka jiragen Bahiya suka riƙa tafiya can kai tsaye. Da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804, fursunonin yaƙi daga ɓangarorin biyu suka gangara kudu hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Bayansu daular Oyo ta wargaje, Yarbawa suka biyo da yawan da ya ninka nasu.

Zagayen da za a fara tallata maka shi ne na tsohon gari, unguwar Pelourinho. Awa biyu zuwa uku ne a ƙafa, kuma kowane otal yana da wanda zai haɗa ka da shi. Sunan unguwar ma kansa tarihi ne, domin pelourinho shi ne turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. Hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Za a kai ka dandalin Terreiro de Jesus, a nuna maka gidan tarihin Afirka da Burazil da ke cikin tsohuwar makarantar likitanci, a gangara da kai zuwa shuɗiyar cocin nan ta Rosário dos Pretos, wadda ƙungiyar baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, suka fara ginawa a 1704, suna aikin a ɗan lokacin da ya rage musu bayan aikin iyayengiji. Ran Talata da yamma ana ibada a cikinta da ganguna. Sannan a sauke ka ta Elevador Lacerda, na'urar hawa da sauka mai tsayin mita 72 da ta haɗa garin tudu da garin gangare tun 1873, a ƙare a kasuwar Mercado Modelo.

Ba na raina wannan zagaye. Yana da arha, ana samunsa kullum, ana samun mai Turanci cikin sauƙi, kuma yana koya wa ƙafarka fasalin garin: masu mulki da coci a sama, tashar jirgi da rumbunan kaya a ƙasa, tsakaninsu hawa mai tsinka numfashi. Sai ka hau ɗaya daga cikin hanyoyin nan masu daɓen dutse za ka gane rayuwar 'yan dakon Afirka da ke ɗaukar gangunan sukari, har da Turawa a kan kujera, sama da ƙasa duk yini, waɗanda a 1857 suka yi yajin aikin da ya tsayar da garin cik.

Matsalarsa ita ce kwalliya ta yi masa yawa. Gyaran da gwamnatin jihar ta fara a farkon shekarun 1990 ya fenti gidajen da ruwan hoda da shuɗi da rawaya, ya kuma kori talakawan da ke zaune a cikinsu, akasarinsu baƙaƙe. Abin da ya rage shagunan tsaraba ne da masu kiɗa da masu ɗaura maka zare mai launi a hannu su ce kyauta ne, sannan su tsaya jiran kuɗi. Jagoran da ke ja da mutum ashirin ko talatin ba ya da lokacin tambayarka. Labarin da zai bayar na gine-gine ne da zinariyar coci, bayi su shigo a matsayin hannayen da suka yi aikin. Kuma akwai wani gwaji da nake ba kowa. Idan an isa Mercado Modelo, jagorori da yawa za su nuna maka ɗakin ƙarƙashin ƙasa su ce nan ake tsare bayin da aka sauke daga jirgi. Ginin gidan kwastan ne da aka gama a 1861, alhali dokar da ta tsayar da shigo da bayi Burazil ta 1850 ce. Jagoran da ya faɗa maka wannan tatsuniya a matsayin tabbas, ka san ya haddace ne, bai karanta ba.

Zagaye na biyu shi ne wanda na ce wa abokina ya sa kuɗinsa a kai: bin sawun tawayen Malê na 1835. Ba kowane kamfani ke yin sa ba, sau da yawa sai an nema tun kafin a zo, kuma galibin masu yin sa baƙaƙen 'yan garin ne da suka karanta tarihi, cikin harkar da suke kira afroturismo, wato yawon buɗe ido na tarihi da al'adun baƙar fata. Kalmar Malê daga Yarbanci ta fito, imale, wato Musulmi. A daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, daidai da 25 ga Ramadan, cikin goman ƙarshe, Musulmi 'yan Afirka kimanin 600 suka fito da fararen riguna da layu a wuya, da takubba da wuƙaƙe, bindiga kaɗan. Sun shirya tashi da asuba, lokacin da bayi ke fita ɗebo ruwa, ranar Lahadin da jama'ar gari suka tafi bikin coci a Bonfim. Wata 'yantacciya mai suna Guilhermina ta kai rahoto, 'yan sanda suka fara bin gida gida, wajen ƙarfe ɗaya na dare suka buga ƙofar wani gida a gangaren Ladeira da Praça inda mutum kusan sittin ke cin abinci a ɗakin ƙasa. Nan yaƙin ya fara, kafin lokacinsa.

Daga wannan gangaren jagora zai hau da kai 'yan taku zuwa ginin majalisar gari, wanda kurkuku ke ƙarƙashinsa a wancan zamani. A ciki aka tsare Pacífico Licutan, dattijon malami da almajiransa ke kira Bilal. Ba laifi ya yi ba. Ubangijinsa ne ya ci bashin 'yan cocin Karmel, aka kama shi a matsayin kadara za a yi gwanjonsa. Duk watan azumin mutane na zuwa bakin kurkukun neman albarkarsa. Masu tawaye suka yi ƙoƙarin fasa ƙofar suka kasa. Suka bi ta dandalin da yau ake kira Castro Alves, suka nufi wajen unguwar Vitória inda bayin 'yan kasuwar Ingila suke, waɗanda har rumfar karatu da salla suka gina a bayan gidan wani Bature. Suka dawo ta tsakiyar gari, suka gangara bakin teku da niyyar ficewa zuwa gonakin rake su haɗu da 'yan'uwansu. A Água de Meninos barikin sojan doki ya tare hanya. Nan aka gama da su, wasu a kan titi, wasu a cikin ruwa suna ƙoƙarin iyo. Kimanin mutum 70 suka mutu a daren. Ran 14 ga Mayu aka harbe huɗu a filin Campo da Pólvora, harbi kuwa domin an rasa wanda zai yarda ya rataye su. Licutan bulala 1,000 aka yanke masa.

Sai dai ka shirya wa abu ɗaya: kusan babu abin gani. Ladeira da Praça titi ne na motoci da shaguna. Água de Meninos hayaniyar tashar jirgi ce da manyan motoci. Campo da Pólvora yau dandali ne mai tashar jirgin ƙasa da ginin kotu. Wanda ya zo neman hoto zai koma hannu rabbana. Duk nauyin zagayen a bakin jagora yake, shi ya sa zaɓen jagora ya fi zaɓen hanya muhimmanci a nan, shi ya sa kuma ba na ba da shawarar a yi shi cikin babbar tawaga. Ni wata mata ce ta zagaya da mu, mu huɗu. Da muka tsaya a inuwar wani shago a gangaren, ta zaro daga jaka hoton ɗaya daga cikin takardun da 'yan sanda suka cire daga layun mamatan, ta ce Larabci ne amma ita ba ta iya karantawa. Na karɓa. Bisimilla ce a sama, da irin rubutun nan namu na allo, fa'un da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, hannun wanda ya yi makarantar tsangaya. Na karanta mata. Ta ce in sake, ta ɗauka a wayarta. Rahotannin 'yan sandan sun ambaci alluna da aka kwace a ɗakunan bayi, da yadda ake wanke rubutun a sha. Su suna rubuta shi a matsayin shaidar laifi. Kai kuwa da ka ji ka san gidanku ake siffantawa.

A nan dole in faɗi abin da wasunmu ba sa son ji. Tawayen 1835 ba na Hausawa ba ne. Mafi yawan waɗanda suka fito Yarbawa ne, waɗanda a Bahiya ake kira Nagô. Akwai Bahaushe cikin malaman da aka tuhuma, Elesbão do Carmo da ake kira Dandará, 'yantacce mai shagon taba a garin gangare, inda yake koyar da karatu. Akwai Luís Sanim, Banufe mai jin Hausa da Yarbanci, wanda ke riƙe da adashin da ake tarawa don ɗinka fararen riguna da fansar bayi. Amma taron na Yarbawa ne. Zamanin Hausawa ya riga wannan. A 1807 gwamna ya bankaɗo shirin Hausawa na tayar da gari, aka samu kwari da baka da layu, hukuma ta ce niyyarsu su kwace jirage su koma gida. A 1809 suka gudu da yawa suka yi artabu a wajen garin Nazaré, can nesa da Salvador. A Fabrairun 1814 suka ƙone wuraren kamun manyan kifayen teku a Itapuã, arewa da gari, ƙarƙashin wani da takardun shari'a suka kira malomi João. Malomi, wato malam. A 1816 aka sake wani a yankin gonakin rake. Jagoran da ya ce maka duk Hausawa ne suka yi 1835 yana faranta maka rai ne kawai. Wanda bai taɓa jin 1807 da 1814 ba kuwa, rabin karatun ya yi. Ka rubuta masa waɗannan shekaru biyu a saƙo kafin ka biya, amsarsa za ta nuna maka ko shi waye. Idan ya san su, ka roƙe shi ya ƙara Itapuã a tafiyar, da mota, ko da za a ƙara kuɗi. Bakin teku ne yanzu na masu wanka da masu sayar da ƙosai, kuma a unguwar ne ƙungiyar kiɗan Malê Debalê take, wadda aka kafa a 1979 aka raɗa mata sunan masu tawayen.

Na uku shi ne zagayen unguwannin da baƙaƙe ke zaune a yau, musamman Liberdade da Curuzu, gidan ƙungiyar Ilê Aiyê da aka kafa a 1974 lokacin da manyan ƙungiyoyin Carnaval, bikin kiɗa da rawa a titi na shekara-shekara, ba sa karɓar baƙar fata. Sau da yawa ana haɗa shi da ziyarar terreiro, gidan ibadar Kandombile, addinin gargajiya mai tushe a Afirka, irin su Casa Branca ko Gantois ko Opô Afonjá da aka kafa a 1910. Idan abin da kake nema Afirka mai rai ce, ba ta takarda ba, wannan ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Za ka ji waƙoƙi da tsohon Yarbanci a bakin mutanen da ba su taɓa taka Najeriya ba, ka ga yadda kusan mutum takwas cikin goma na garin jinin Afirka ne amma dukiya tana wasu unguwanni, kuma kuɗinka zai shiga hannun mutanen unguwa.

Ga Musulmi, akwai magana. Terreiro wurin bautar orisha ne, wato abubuwan bautar gargajiyar Yarbawa, da kiɗa da hawan iska da yanka. Wanda ya san bori zai gane wasu abubuwa, ko da yake ba abu ɗaya ba ne. Kowa ya san iyakar da zuciyarsa ta sa masa. Shawarata ita ce ka raba abu biyu: ziyarar rana, inda za a nuna maka harabar a ba ka tarihin gidan, da halartar bikin dare. Na farkon darasi ne, kuma wanda ya ƙi shi ya rasa fahimtar yadda waɗannan gidaje suka zama mafakar 'yan Afirka a shekarun da 'yan sanda ke fasa su. Na biyun ibadar mutane ce. Idan ba za ka iya zama cikinta da ladabi ba, da fararen kaya, ba hoto, ba wa'azi, to ka bar musu abinsu. Mutanen nan suna shan tsangwama har yau daga wasu masu zafin coci, ba sa bukatar baƙo daga Afirka ya zo ya ƙara musu. Ka guji kuma duk wanda zai sayar maka da tikitin "bikin Kandombile" kowane dare kamar sinima. Gidajen gaske suna da kalandarsu, ba sa sayar da ƙofa.

Akwai kuma tafiyar yini guda zuwa Cachoeira, garin taba da rake a bakin kogin Paraguaçu, tafiyar kamar awa biyu a mota, inda ƙungiyar dattijan mata baƙaƙe ta Boa Morte ke bikinta a watan Agusta. Yana da kyau ƙwarai, amma mai kwana biyu ya haƙura da shi.

To ga yadda na tsara wa abokina. Ranar farko da safe ya zaga Pelourinho, ko da ƙaramar tawaga ko shi kaɗai da taswira a waya, tunda wurin a cike yake da jama'a da 'yan sanda da rana kuma gidajen tarihin suna da bayani a bango. Kuɗin da ya rage ya tara shi ya ɗauki jagora na kansa a rana ta biyu don sawun Malê da Itapuã. Da kwana uku gare shi, da na ce ya ba Curuzu na ukun. Wanda yini ɗaya tak yake da shi, ya ɗauki na Malê, domin hanyar tana ratsa tsohon garin, zai ga Pelourinho a kan hanya, alhali mai zagayen Pelourinho ba zai taɓa kai shi Água de Meninos ba. Mai tafiya da yara ko da dattijo mai ciwon gwiwa kuwa, lissafin ya juya: hawa da gangaren na Malê da zafin rana za su wahalar da su, gara gajeren zagayen tsohon gari da gidan tarihi, sauran a yi da mota.

Harshe shi ne babban shinge. Mutanen gari harshen Fotugal suke yi, kuma da yawa daga cikin jagororin da suka fi sanin tarihin nan Turancinsu kaɗan ne. Idan an ba ka zaɓi tsakanin mai santsin Turanci da ya haddace da masani mai tafiya da tafinta, ɗauki masanin. Ka nemi ganin katinsa na Cadastur, rajistar da ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar ke yi wa jagorori. Ka tambayi yawan mutanen tawagar, fiye da takwas ya yi yawa. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa ake yi sosai kuma daɓen dutsen yana santsi. Waya a aljihu, ba a hannu ba, kuma kada ka bi lungun da jagora bai bi ba, musamman hanyoyin da ke gangarawa garin ƙasa bayan magariba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba idan ka yi tambaya. Acarajé ƙosai ne sak, na wake, sai dai a manja ake soya shi, a tsaga a cusa masa busasshen jatan lande da miyar kuɓewa. Abará alala ce a ganyen ayaba. Moqueca miyar kifi ce da madarar kwakwa. Abin gudu shi ne feijoada da duk waken da aka dafa da nama, domin alade ne a ciki. Masallaci kuwa akwai, Cibiyar Musulunci ta Bahiya a unguwar Nazaré, ba nisa da Campo da Pólvora, kuma an daɗe limaminta ɗan Najeriya ne. Idan ka daidaita zagayen Malê da ranar Juma'a, ka fara da sassafe, za ka iya gamawa a filin da aka harbe mutum huɗun nan, ka taka zuwa masallaci kafin a hau mumbari.

Asalin takardun layun suna ma'ajiyar takardun tarihi ta jihar Bahiya, cikin fayilolin shari'ar 1835. Ba wurin 'yan yawon buɗe ido ba ne, sai an rubuta an nemi izini tun da wuri, kuma jagora mai alaƙa da jami'a zai iya taimaka maka da wannan. Na ce wa abokina ya fara aika saƙon tun kafin ya sayi tikitin jirgi, ya kuma tafi da gilashin karatunsa, domin rubutun ƙanana ne, an ninke takardun sau da yawa don su shiga cikin fatar laya.